Yadda Ake Ɗaga Gaban Tsohuwar A-Kori-Kura Ba Tare Da An Kashe Mata Ƙafa Ba

Masu bibiyar rubuce-rubucena sun san ni da maganar waya da manhaja, saboda haka na san wani zai ce yau kuma me ya kai mai rubuta manhaja ƙarƙashin mota. Motar mahaifina ce ta kai ni. Toyota Hilux ce ƙirar 2001 mai ja da taya huɗu, da ita yake ɗauko buhunan hatsi daga ƙauye zuwa kasuwar Dawanau. A hankali gabanta ya yi ta sauka, har ya zama duk ramin da aka faɗa sai an ji ƙarfe ya daki ƙarfe. Aka kai ta wani gareji, bakaniken ya ce aikin minti goma ne. Ya shiga ƙarƙashi da sifana ya ɗaure wasu dogayen bol guda biyu har ƙarshensu. Mota ta fito gabanta a sama, kowa yana yabawa. Ba a yi wata uku ba sababbin tayoyin gaba suka cinye ta gefe ɗaya, robar shaf ta yage, tuƙin kuma ya koma kamar hawan amalanke.

Daga nan na zauna na karanci abin kamar yadda nake karantar manhajar da ta ƙi aiki. Abin da na gano shi ne: ɗaure waɗannan bol ɗin ba ya ƙara wa mota komai. Rance ne. Duk milimitar da ka samu ta tsayi, daga wani wuri ka ciro ta, kuma sai ka biya. A wannan darasi za mu ga daga ina ake ciro ta, nawa ya kamata a ciro, da yadda tef ɗin awo da wayar da ke hannunka za su taimake ka.

Me ya sa gaba yake ƙasa da baya?

Dalili biyu ne, kuma dole ka bambance su kafin ka taɓa sifana.

Na farko, haka kamfani ya ƙera ta. A-kori-kura motar kaya ce. Ana barin bayanta ya fi gabanta tsayi, galibi da inci ɗaya zuwa uku, domin idan aka loda mata kaya bayan ya sauka ta daidaita. Wannan ba ciwo ba ne. Idan ka daidaita ta tas tana wofi, ranar da ka ɗora mata buhu goma hancinta zai kalli sama, sitiyari ya yi sakwa-sakwa a hannu, fitilarta kuma ta koma haska idon masu tahowa.

Na biyu shi ne gajiya. Ƙarfen da ke ɗauke da nauyin injin shekara ashirin yana saki kaɗan-kaɗan, robobin bushin su cinye, wani kuma ya ƙara wa motar katon bamban ƙarfe a gaba. Wannan shi ne ciwon da ake gyarawa. Mayar da mota tsayin da ta fito da shi daga kamfani gyara ne. Wuce wannan tsayin kwalliya ce, kuma kwalliyar tana da farashi.

Fara sanin irin ƙafar motarka

Makanikai suna kiran duk tarkacen da ke haɗa taya da jikin mota da suna ƙafa. Leƙa bayan tayar gaba da fitilar wayarka, ɗaya daga cikin ukun nan za ka gani.

1. Sifirin mai falle-falle da ƙarfen aksul guda ɗaya da ya haɗa tayoyin biyu. Irin wannan ne a Hilux mai ja da taya huɗu ta da, kamar LN106 da aka yi tsakanin 1988 da 1997, da kuma Land Cruiser mai buɗaɗɗen baya kafin 1999.

2. Sandar murɗi, wadda makanikai ke kira toshin ba. Ba za ka ga naɗaɗɗen sifirin ba, sai wata doguwar sandar ƙarfe a kowane gefe da ta tashi daga ƙafar gaba ta nufi tsakiyar mota. Toyota ta sa ta a Hilux mai ja da taya biyu tun 1978, ta sa ta a mai ja da taya huɗu ta kasuwar Amurka daga 1986, sannan ta zama ruwan dare a ƙirar 1997 zuwa 2004. Ita ce a Nissan D21 da D22, da tsohuwar Mitsubishi L200, da Isuzu TF, da Chevrolet mai ja da taya huɗu daga 1988.

3. Naɗaɗɗen sifirin da shokazoba a tsakiyarsa. Shi ne a Hilux daga ƙirar 2005 zuwa yau. Tsohuwar Peugeot 504 mai buɗaɗɗen baya, irin wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna, ita ma naɗaɗɗen sifirin ne a gabanta.

Mafi yawan bayanina a kan na biyun ne, domin shi ne ake iya ɗagawa da sifana kawai, kuma wannan sauƙin ne yake jawo ɓarna.

Yadda sandar murɗi take aiki

Ka riƙe rula ta roba da hannu biyu ka murɗa ta, za ka ji tana son komawa yadda take. Wannan shi ne duk sirrin. Kan sandar na gaba yana da haƙora da suka shige cikin hannun ƙafa, wato ƙarfen da ke hawa da sauka tare da taya. A Hilux mai ja da taya huɗu hannun sama take riƙe, a Nissan da Chevrolet kuma hannun ƙasa. Ƙarshenta na baya yana cikin wani ɗan gajeren hannu da aka ɗaure a jikin shasi da dogon bol. Idan taya ta hau tudu hannun ƙafa ya murɗa sandar, ita kuma ta turo shi ya dawo. Tsohuwar dabara ce, ita ce a Volkswagen Beetle da tankokin yaƙi da yawa.

Idan ka ɗaure wancan dogon bol, kana juya ƙarshen sandar ne, sai hannun ƙafa ya karkata ƙasa, jikin mota ya tashi. Lura da kyau: ƙarfin sandar bai canja ba. Nauyin da take ɗauka jiya shi take ɗauka yau. Taurin sandar murɗi ya dogara ne da irin ƙarfenta da tsawonta da kaurinta, kuma kauri ne ya fi tasiri, domin ana ninka shi a kansa har sau huɗu a lissafin. Ƙarin kauri na kashi 10 cikin ɗari yana ƙara tauri da kusan kashi 46. Saboda haka wanda ya ɗora bamba mai nauyi, sanda mai kauri yake buƙata, ba ƙarin ɗauri ba.

To idan ƙarfi bai canja ba, me ya canja? Wurin zaman taya. Kowace tayar gaba tana da iyakar hawa da iyakar sauka, kuma a kowace iyaka akwai ƙatuwar roba da ke tare hannun ƙafa. Tsakanin iyakokin nan biyu shi ne filin motsinta, kuma bol ba ya faɗaɗa shi. A ɗauki misali filin milimita 180 ne, taya tana da 100 na hawa da 80 na sauka. Ka ɗaga mota da milimita 50, yanzu tana da 150 na hawa amma 30 kacal na sauka. Kamar waya ce mai ma'adanar gigabait 64: idan ka cika ta da bidiyo, wurin hotuna ne ya ragu, ma'adanar ba ta ƙaru ba.

Abin da kake biya

Damar saukar taya. Wannan shi ne babba. Idan ka faɗa rami, taya tana buƙatar ta sauka ta bi ƙasa. Idan ba ta da fili sai hannun ƙafa ya daki robarsa ko shokazoba ta miƙe har ƙarshe, tayar ta rataye a iska na ɗan lokaci. Tayar da ba ta taɓa ƙasa ba ta jin burki, ba ta jin sitiyari. Taurin da mutane suke ji bayan ɗagawa, har su ce mota ta yi ƙarfi, yawanci wannan dukan ne.

Boljoyin. Shi ne gaɓar da ke haɗa hannun ƙafa da mazaunin taya, kuma akwai iyakar karkatar da zai iya yi. Mota mai tsayi fiye da kima tana ajiye shi kusa da wannan iyaka dare da rana. Duk wanda ya taɓa ganin mota a gefen titi tayarta ta gaba ta kwanta ta shige ƙarƙashi ya ga aikin boljoyin da ya fita. A cikin gari abin kunya ne da asarar kuɗi. A kan babbar hanya da gudu, rai ake magana.

Shaf. A mota mai ja da taya huɗu, shaf yana kawo juyi daga tsakiya zuwa tayar gaba. Ɗagawa tana ƙara masa karkata, ninkin robarsa ya riƙa gugar juna har ya yage, giris ya fita, ƙura da yashi su shiga.

Alaimen. Da zarar hannun ƙafa ya canja kusurwa, tsayuwar taya ta canja. Tana iya jingina ciki ko waje, tana kuma iya kallon ciki ko waje maimakon gaba sak. Ga lissafi mai sauƙi: tayar da ta kauce da digiri ɗaya, a kowace kilomita ana jan ta a kaikaice kimanin mita 17. Daga Kano zuwa Kaduna, tafiyar kimanin kilomita 230, ka goge ta a kwalta kusan kilomita huɗu. Abin da ya cinye tayoyinmu ke nan.

Fitila. Ana saita ƙaramar fitila ta duƙa ƙasa da kashi ɗaya zuwa ɗaya da rabi cikin ɗari, a motoci da yawa ma an rubuta adadin a jikin fitilar. Tazarar tayar gaba da ta baya a irin waɗannan motoci kusan mita uku ce. Ɗaga gaba da milimita 40 yana ɗaga hancin mota da kashi 1.3 cikin ɗari. Ka ga ya cinye duƙawar baki ɗaya, kana tafe kana makantar da mai tahowa ba ka sani ba.

Sannan akwai abin da ba ka samu ba. Shasi ya tashi, amma tulun aksul na baya yana nan inda yake. Girman taya ne kaɗai ke ɗaga shi. Nauyin mota kuma ya ƙara hawa sama, wanda ke ƙara mata jingina a kwana.

Awo: tef da waya

A wajen rubuta manhaja muna da ƙa'ida: kada ka taɓa abin da ba ka ajiye kwafinsa ba, kuma kada ka canja abu biyu a lokaci ɗaya. Ita ce ƙa'idar nan ma. Awon farko shi ne kwafinka.

Ka sami daɓen siminti mai lebur. Ka daidaita iskar tayoyi huɗu, ka sauke kaya, ka bar abin da motar ta saba yawo da shi kamar safaya da jak. Ka danna gabanta da bayanta sau biyu ko uku ka sake ta ta zauna. Sai ka auna daga tsakiyar cibiyar taya zuwa bakin bodi da ke samanta, a miƙe, a dukkan kusurwa huɗu. Daga cibiya ake aunawa ba daga ƙasa ba, domin kada iska ko cinyewar taya su shiga lissafi. Ka yi da milimita, inci yana ɓoye ƙananan bambanci.

Kada ka yi tsammanin lambar gaba da ta baya su zo ɗaya, domin ba a yanka bakin bodin gaba da na baya daidai ba. Amfanin lambobin shi ne kwatanta hagu da dama, da kwatanta kafin aiki da bayan aiki. Idan ka sami littafin gyaran motarka, wanda sau da yawa ana samunsa a intanet, a ciki akwai tsayin kamfani da ainihin wuraren da ake aunawa. Wannan ya fi kowace shawara.

Awo na biyu ya fi na farko muhimmanci, kuma shi ne ba a cika yi ba. Ka ɗaga gaban mota da jak har tayoyi su rataye, ka sake aunawa daga cibiya zuwa bakin bodi. Ka cire awon farko daga wannan. Abin da ya rage shi ne damar saukar tayarka, wato jarin da za ka ci rance daga ciki.

Ga inda waya take shigowa. A cikinta akwai na'urar da ke jin karkata, ita ce ke juya fuskar waya idan ka kwantar da ita. A iPhone akwai ma'aunin lebur a cikin manhajar Measure, a Android kuma akwai manhajoji irinsa da yawa a Play Store, masu kama da ma'aunin ruwa na magina. Da shi za ka duba ko daɓen da ka tsaya a kai lebur ne, ka kuma ɗora shi a kan shasi ko gefen bodin kaya ka ga yawan duƙawar gaba. Abu uku za ka kiyaye. Ka cire rigar wayar, ka kuma ajiye ta a gefenta domin tudun kyamara yana karkatar da ita. Ka auna sau biyu, na biyun bayan ka juya kan wayar ya koma inda gindinta yake, sai ka cire na biyu daga na farko ka raba biyu. Misali ta nuna 1.2, da ka juya ta nuna −0.4, ainihin karkatar 0.8 ce, sauran kuskuren wayar ne. Na uku, ka san iyakarta: milimita 40 a tsawon mita uku bai kai digiri ɗaya ba, ma'aunin iPhone kuma cikakkun digiri yake nunawa. Saboda haka waya mataimakiya ce, tef ne alƙali.

Ka buɗe Google Sheets ko manhajar rubutu ka zuba lambobin da kwanan wata. Ka ɗauki hoton kowane bol da tef a jikinsa yana nuna tsawon tiredin da ya fito, wato zaren da noti ke bi. Da dare kuma ka tsayar da motar mita 10 daga bango, ka kunna ƙaramar fitila, ka yi alama a inda haske ya yanke, ka yi wata alamar a ƙasa inda tayoyi suka tsaya.

Matakan aikin

Ko da bakanike ne zai yi, ka san matakan domin ka tsaya a kansa.

1. Duba lafiyar ƙafa tukuna. Mota tana rataye, ka kama taya sama da ƙasa ka girgiza, sannan hagu da dama. Idan akwai wasa, boljoyin ko tayarod ko boris ya tafi. Ka duba bushin, da shokazoba ko tana yoyon mai, da robobin iyaka ko suna nan, da tsatsa a inda sandar ta kama shasi. A gyara waɗannan kafin komai. Wani lokaci sabon bushin kaɗai yana dawo da wani ɓangare na tsayin. Ka duba sifirin baya ma, kada ka daidaita gaba da bayan da shi kansa ya karye.

2. Tun jiya ka wanke tiredin bol ɗin da burushin ƙarfe ka fesa masa man sassauta tsatsa irin su WD-40. Bol mai shekara ashirin yana iya cijewa ko ya tsinke. Idan tiredinsa ya cinye, a sayi sabo.

3. Ka ja burkin hannu, ka sa waigi a tayoyin baya, ka ɗaga gaba har tayoyi su bar ƙasa, ka tokare shasi da ƙafafun ƙarfe na tokare mota. Kada ka shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, kuma bulon siminti ba abin tokare ba ne, yana fashewa ba sallama. Rataye tayoyin yana rage wa bol nauyi sosai, amma sandar tana nan da sauran ƙarfi a jikinta, saboda haka kada ka kwance notin gaba ɗaya.

4. Ka yi wa kan bol alama da fenti. Idan akwai notin kulle a kansa ka sassauta shi. Ka ɗaure zagaye biyu cif a hagu, biyu cif a dama, ka rubuta.

5. Ka sauke motar, ka zaga unguwa da ita, ka dawo daidai inda ka yi awon farko ka sake aunawa. Motar da aka sauke daga jak ba ta zama daidai sai ta yi tafiya. Yanzu ka raba ƙarin tsayin da ka samu gida biyu, ka san abin da zagaye ɗaya yake bayarwa a motarka. Kada ka ɗauki lambar wani daga bidiyo, kowace ƙira da nata.

6. Ka maimaita har ka kai inda kake so. Ba dole yawan zagayen hagu da dama ya zo ɗaya ba, domin gefen direba ko gefen tankin mai yakan fi gajiya. Tsayin ne ake so ya zo ɗaya, bambancin kada ya wuce milimita biyar zuwa goma.

7. Mota tana tsaye a ƙasa, ka leƙa tsakanin hannun ƙafa da robar iyakar sauka. Dole a ga sarari. Idan hannun yana zaune a kan robar, ka wuce gona da iri, ka koma baya. Ka sake awon ratayewa domin ka ga damar saukar da ta rage.

8. Ka ɗaure notin kulle, ka wuce wajen alaimen a ranar, ba mako mai zuwa ba. Ka nemi wurin da suke da na'ura, ka ce a duba jinginar taya da kallonta duka, ka ɗauki hoton lambobin da ke fuskar kwamfutarsu. Da dare ka koma bangonka ka sauko da fitila zuwa alamar da ka yi.

9. Bayan mako ɗaya ka sake aunawa, ka shafa tafin hannu a kan tayoyin gaba ka ji ko wani gefe ya fara kaifi.

Nawa ya isa?

Idan tsayin kamfani kake dawowa da shi, ba ka da matsala, domin a nan aka tsara komai ya zauna. Idan za ka wuce shi, masu wannan aiki da yawa suna tsayawa a milimita 25 zuwa 40, wato inci ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Daga inci biyu zuwa sama, sai an canja wasu kayan kamar shokazoba mai tsawo da hannun sama na musamman. Ni dai ƙa'idata ita ce kada damar saukar taya ta gaza milimita 50, ko da tsayin da nake so bai samu ba.

Idan bol ya ƙare mota ba ta tashi ba, sandar ta gaji. Ana iya zare ta a matsar da haƙori ɗaya a mayar, ko a canja ta, kuma wannan aikin gwani ne. In za a canja a canja biyun tare. Idan ka je Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna neman ta hannu, ka duba ƙarshenta, akwai alamar L ta hagu da R ta dama. Kowacce an horar da ita ta murɗu ta fuska ɗaya, idan aka musanya su suna iya karyewa. Kada ka karɓi mai zurfin tsatsa ko sara a jiki, kuma kada a kusance ta da wutar walda ko a gasa ta.

Za ka ga bidiyoyin Amurka a YouTube da TikTok ana tallar wani ƙarfe da suke kira makulli, wanda ake sa wa Chevrolet da Ford a madadin ɗan gajeren hannun baya. Abin da yake yi kawai shi ne ba ka damar ɗaurewa fiye da inda bol na asali ya tsaya. Filin motsin taya bai ƙaru ba, rancen ne ya ƙaru.

Idan motarka ba mai sandar murɗi ba ce

Mai sifirin falle-falle: gyaran gaskiya shi ne sabon sifirin, ko a ƙara falle ɗaya, ko a mayar wa tsohon lanƙwasarsa a wajen masu aikin. Wasu suna tsawaita marataya, wato ƙarafa biyun da ƙarshen sifirin ke lilo a jikinsu. Ka sani rabin tsawon da ka ƙara kawai kake samu, domin aksul a tsakiyar sifirin yake, kuma yana juya aksul ɗin ta yadda mota za ta riƙa yawo a hanya. Kada a cusa tubalin ƙarfe tsakanin aksul na gaba da sifirin, burki mai ƙarfi yana iya fizge shi.

Mai naɗaɗɗen sifirin: ana sa zobe a samansa. A Hilux ta 2005 zuwa sama, tsayin da ake samu ya fi kaurin zoben, domin sifirin yana zaune ne a tsakiyar hannun ƙafa ba a bakin taya ba, saboda haka kada ka sayi zoben inci biyu kana zaton inci biyu za ka samu. Matse naɗaɗɗen sifirin kuma sai da na'urarsa, ba da igiya ko waya ba. Sauran bayanin duka, na damar sauka da alaimen da fitila, ya shafe su su ma.

A kowace iri, idan har ka taɓa tsayin baya, ka tuna tsofaffin a-kori-kura da yawa suna da wani bawul a kusa da aksul na baya da ke rage ko ƙara ƙarfin burkin baya gwargwadon nauyin kaya. Da tsayin mota yake gane nauyi, don haka sai an sake saita shi.

Yadda tamu ta ƙare

Mun sassauta bol ɗin muka dawo da su baya, muka canja boljoyin da bushin da robar shaf, sannan muka hau da zagaye bibbiyu muna aunawa har ta kai tsayinta na asali. Aka yi alaimen, aka saita fitila. Da na nuna wa mahaifina a waya cewa har yanzu gaban ya ɗan fi bayan ƙasa, na ce, "Baba, ina ganin a bar ta haka, in an yi lodi za ta daidaita." Ya dube ta ya ce, "To ai da ma haka na sayo ta." Kuɗin tayoyi biyu da muka yi asara ya fi kuɗin gyaran gaskiyar da muka guje wa tun farko. Garin neman gira muka kusa rasa ido.

Saboda haka kafin ka bari a sa wa motar gidanku sifana, ka ɗauki tef da waya ka yi awon nan biyu, na tsaye da na rataye. Minti ashirin ne. Idan bakanike ya ce zai ɗaga ta, ka tambaye shi milimita nawa, kuma nawa zai rage wa taya na sauka. Wanda ya san aikinsa zai ba ka amsa.

Sai mun haɗu a darasi na gaba. Allah ya kiyaye hanya.